Yadda ake haɗa kayan zanen sabulu a gida da waya, kwali da tsinken tsire

Ranar da na fara kai sabulu mai zane gidan suna a Asawase, nan cikin Kumasi, wata gwaggona ta ɗauki guda ta juya, ta sake juyawa, ta kankare gefensa da farce, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, da wane alƙalami kika yi rubutu a cikin sabulu?" Na ce, "Gwaggo, hanga ce ta rataye riga." Ba ta yarda ba sai da ta tako har Aboabo ta gani da idonta. Kayan zanen da nake aiki da su har yau babu wanda na saya a matsayin kayan sabulu: waya ce, da kwali, da tsinken tsire, da robar ruwa. Abin da ke sa su yi aiki shi ne a auna su daidai da akwatin zubin, kuma a gama haɗa su tsaf kafin soda, wato mai ƙunar nan ta haɗa sabulu, ta taɓa mai.

Sabulun da nake nufi shi ne wanda ake haɗa mai da ruwan soda ba tare da dafawa ba, a zuba shi yana ruwa-ruwa ya daskare da kansa. Sabulun salo, wanda a nan ake kira alata samina, da tokar ɓawon koko na cakulan da na filanten ake dafa shi, yana fitowa da kauri, ba ya karɓar irin wannan zanen.

Abin da soda ke ci da abin da ba ta ci

Ki fara da wannan, 'yar'uwa, domin a nan na yi asarar farko. Na samu guntuwar wayar lantarki mai kauri, na feɗe robar, na lanƙwasa farin ƙarfen da ke ciki, ashe alminiyam ne. Ina tsoma shi sai na ga ƙananan kumfa suna tasowa a jikinsa, da na yanka sabulun kuwa duk inda wayar ta bi ta bar toka-tokan layi. Soda tana cin alminiyam, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Haka take cin farin rufin da ke jikin wayar ɗaurin gini da kwanon rufi. Saboda haka tukunyar dadesen, wadda da alminiyam ake yin ta, da cokalin alminiyam ba su da wuri a wannan aikin.

Abin da soda ba ta yi wa komai: ƙarfen sitenles mara tsatsa, robar silikon, da robobin da idan kika juya gindinsu za ki ga lamba 2 ko 5 a cikin ɗan alamar nan mai kusurwa uku. Itace da gora suna jure ɗan lokaci, daga baya su yi gashi-gashi su fara tsagewa, sai a yar. Duk ƙarfen da ba ki tabbatar da asalinsa ba, ki sa masa rigar roba.

Ga jikinki kuma: safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido, riga mai dogon hannu. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ruwan zai yi zafi har ya kusa tafasa, ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a tsakar gida ake haɗawa, a lokacin da yara suka tafi makaranta. In ya fallatsar miki a fata, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudu aƙalla minti 15. In a ido ne, ki wanke haka nan ki wuce asibiti.

Akwatin zubi da haɗin da zai jira ki

Duk awon da zan bayar na akwatina ne: daga ciki tsawonsa santimita 25, faɗi 9, zurfi 8. Kowane kafinta zai buga miki shi da ragowar katako, a unguwa ko a kasuwar katako ta Sokoban. Ki ce masa awon na ciki ne. In ba ki faɗa ba, zai auna daga waje, kaurin katakon ya cinye miki wuri. Ki shimfiɗa leda mai kauri a ciki kafin kowane zubi.

Haɗin da ke cika wannan akwatin zuwa kusan santimita 6 da rabi shi ne mai kilo ɗaya: man kwakwa giram 250, manjan da aka tace ya yi fari giram 300, man kaɗe giram 150, man gyaɗa ko na zaitun giram 300. Soda giram 140, ruwa giram 300. Da sikeli ake auna komai, har ruwan. Gwangwanin olonka na awon masara ne a kasuwa, ba ya aiki a nan. Kuma in kika canza mai ɗaya, dole lissafin soda ya canza, domin giram ɗaya na man kwakwa yana cin soda fiye da giram ɗaya na man kaɗe nesa ba kusa ba.

Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi ki ƙara man kaɗe, tunda mai kyau yana sauko mana daga Tamale. Ki daure. Shi da manja su ne ke sa haɗi saurin yin kauri, man ruwa irin na gyaɗa da zaitun su ne ke ba ki lokaci. Ki bar ruwan soda da man su huce har su yi ɗumin jiki ko ƙasa da haka kafin ki haɗa su.

Kaurin da ake nema shi ne jigon aikin gaba ɗaya. Ki tuna kokon safe. Akwai lokacin da yake tsararo, yana zuba daga ludayi kamar madara, akwai lokacin da ya fara kama bayan ludayi, akwai kuma lokacin da ya huce ya zama gaya. Mafi yawan zane a na farko da na biyu ake yin sa. In kina da bilenda ta hannu, ki danna daƙiƙa uku ki saki, ki juya da hannu, ki sake dannawa. Da zarar kin daina ganin mai yana yawo a sama, ki tsaya. In an ɗauke wuta, maburgin sitenles ya wadatar, sai dai hannu zai gaji, amma ba za ki taɓa wuce gona da iri da shi ba.

Turare shi ne babban maƙiyin mai zane, mu kuwa matan zango ba ma son abu mara ƙamshi. Duk turaren da ke da sinadarin barasa, irin na fesawa, zai daskarar da haɗin a tukunya kafin ki ɗauko cokali. Man kanumfari da na kirfa ma suna gaggauta kauri, mai banila kuma yana mayar da farin sabulu ruwan ƙasa bayan 'yan kwanaki. Ki gwada sabon turare a ƙaramin kofi tukuna.

Launi kuwa, ki dama ƙaramin cokali ɗaya na gari a babban cokali ɗaya na mai tun kafin ki fara. Garin gawayi mai laushi yana ba da baƙi, garin koko na cakulan yana ba da ruwan ƙasa, jan manja kaɗan yana ba da ruwan ɗorawa, baba yana ba da shuɗi, farar ƙasa irin ta ayilo tana ƙara haske. Zogale yana farawa kore shar, daga baya ya koɗe. Zoɓo kuma, duk jan nan da kike gani a sobolo, yana haɗuwa da soda yake komawa wani launi mara daɗin gani, kada ki ɓata shi.

Hanga

Ita ce uwar kayan, a kanta zan daɗe. Ki nemi hangar waya, filaya, da siririn tiyon roba mai haske irin wanda magina ke zuba wa ruwa suna duba daidaiton gini. Masu kayan gini a Kejetia suna yanka shi da mita, rabin mita da ɗan ƙari ya isa.

Ki yanke ƙugiyar hangar da filaya, ki miƙar da wayar sosai, ki yanki santimita 60. Ki zura ta cikin tiyon tun tana miƙe, domin in kin lanƙwasa tukuna tiyon ba zai wuce kusurwa ba. Ki auna santimita 18 daga baki ɗaya ki yi alama, ki auna 18 daga ɗaya bakin ki yi alama. Abin da ya rage a tsakiya 24 ne. Ki lanƙwasa a kan alamomin biyu, kowanne ya miƙe tsaye, ya zama kamar ƙofar gida da aka kifa: sanda ɗaya a kwance, hannaye biyu a tsaye. Kusurwar ta fita sosai, kada ta yi baka, in ba haka ba sabulun da ke bakin akwati ba zai samu zane ba. Ki naɗe bakunan biyu na sama da salatif don kada su soke ki.

Me ya sa 24 alhali akwatin 25 ne? Domin leda tana cin wuri, kuma hangar da ta matse za ta ja ledar ta tattaro ta cikin sabulu. Ki gwada ta a busasshen akwati mai leda. Ta sauka har ƙasa ba tare da gogar gefe ba, kuma kada ta yi lilo da yawa.

Kaurin sandar shi ke yanke irin zanen. Hangar da ta zo da siririyar rigar roba tun daga kanti tana jan layi siriri kamar zare, amma in haɗin ya ɗan yi kauri sai ta ratsa ta wuce ba ta ja komai ba. Mai tiyo tana jan launi da ƙarfi, zanenta manya ne. Ni ina da biyu. In kina son wadda za ta daɗe, ki kai awon Suwame Magazin, unguwar makanikai, masu walda su lanƙwasa miki sandar sitenles mai kaurin milimita 4 ko 5.

Yadda ake aiki da ita: ki raba haɗin uku, kashi mafi yawa fari, sauran biyu masu launi. Ki zuba rabin farin a ƙasa. Ki ɗaga kofin baƙi sama kamar taƙi ɗaya, ki zubo layi ɗaya a tsawon akwatin domin ya nutse ciki, ki bi da ɗaya launin a gefensa, ki rufe da sauran farin a hankali ta bayan cokali. Yanzu ki riƙe hannayen hangar biyu, ki saukar da ita a jikin dogon bangon da ke kusa da ke har ta taɓa ƙasa. Ki tura ta gaba kaɗan a ƙasan, ki ɗago ta kusan sama ba tare da ta fito ba, ki dawo da ita wajenki, ki sake saukarwa. Da'ira ce kike yi a cikin duhu. Ki yi uku ko huɗu, kowace ta fi ta baya matsawa zuwa ɗaya bangon, sannan ki fitar da ita a jikin wancan bangon.

Wahalar hanga ita ce ba kya ganin abin da take yi. Zuciya za ta ce ki ƙara ɗaya. Kada ki ƙara. Baƙi da fari da ɗorawa in sun sha juyi sau goma, toka-toka suke komawa. Abin da ya taimake ni shi ne zana siffar fuskar sabulun a takarda, faɗi 9 tsayi 6 da rabi, in ja hanyar da hangar za ta bi da biro, in manna a bango ina kallo. Tun ran gini ran zane. Bayan an yanka sai in gwada takardar da sabulun in ga inda hannuna ya kauce.

Wannan sabulun a tsaye ake yanka shi kamar burodi, kaurin santimita 2 da rabi, guda 10 ke nan. In kika yi da'irorin a gefe ɗaya kawai, ki ɗauki guda biyu da ke maƙwabtaka ki buɗe su kamar littafi ki jera. Sau da yawa fukafukan malam-buɗe-littafi ne za su fito.

Shamakin kwali

Wannan na raba akwati ne gida-gida a tsawonsa. Ki yanki kwali mai ƙarfi guda biyu, tsawo 24 da rabi, tsayi 12, ki naɗe kowanne da faffaɗan salatif ciki da waje har baki, kada jiƙa ta samu hanya. Farar robar nan mai ramuka da ake buga allon talla a kanta ta fi kwali, domin ana wanke ta a sake amfani. Sai ki yanki wasu ƙanana biyu masu tsawon 13, ki tsaga kowanne wuri biyu da tazarar santimita 3 a tsakani, ki soka su a kan dogayen daga sama, ɗaya a kowane ƙarshe, su hau bakin akwatin. Kin samu layi uku masu faɗin santimita 3.

Wurin zubi ake kuskure. In kika cika layi ɗaya kafin sauran, nauyinsa zai ture shamakin ya malalo ta ƙasa. Ki zuba kaɗan a nan, kaɗan a can, su tashi tare, ko ki sa wata ta danne miki shamakin. Da sun cika, ki zare ƙananan, ki ɗaga dogayen sama a miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Sai tsinken tsire, mai ɗan kauri, sabo wanda bai taɓa yaji ba. Ki soka shi har ƙasa a kusurwa ɗaya, ki riƙa kai shi bango ki dawo da shi bango a faɗin akwatin, kina matsawa santimita ɗaya-ɗaya har ƙarshe. Daga nan ki zagaya da shi jikin bangon akwatin gaba ɗaya sau huɗu ko biyar ta fuska ɗaya, za ki ga layukan suna karkata kamar gashin tsuntsu. Masu sana'ar suna kiran wannan zanen Taiwan. Sirrinsa a yanka yake: in kika yanka shi kamar burodi, ratsi uku kawai za ki gani. Ki fara raba shi gida huɗu, sannan ki kwantar da wuƙa ki raba kowane yanki biyu a kwance, na sama da na ƙasa. Guda 8 ke nan, kowanne da zanen a fuskarsa.

Mataji da robar matsawa

Waɗannan na faranti ne mara zurfi. Haɗin kilo ɗaya zai cika mai faɗin 25 da 22 zuwa kaurin da ya ɗan haura santimita 2 da rabi. Dabarar daga masu yi wa takarda ado a kan ruwa aka aro ta, sana'ar da Turkiyya ta yi suna da ita.

Ki yanki kwali mai ramuka tsawon 24, faɗin 5, yadda ramukan za su kalli ƙasa. Ki soka tsinken tsire a ramukan da tazarar santimita 1 da rabi, ki dafa bakunansu a kan tebur su daidaita, ki ɗaure da salatif. Minti goma ya isa. Robar matsawa kuwa, ki huda murfin robar ruwa da ƙusa mai zafi. Irin wannan robar lamba 1 ce, ba a zuba mata ruwan soda ko kusa, amma haɗin da ya huce za ta riƙe shi na ɗan lokacin zubi, sai ki yar. Leda mai kauri da aka yanke wa kusurwa ma tana yi.

Ki zuba farin ya rufe ƙasa, ki matsa layukan launi a kai, ɗaya kusa da ɗaya, duk ta fuska guda, har su ƙare. Ki sa matajin a baki, ki ja shi sau ɗaya tak ya ratsa layukan. A nan ma za ki iya tsayawa, ya yi kyau. In kina son jelar dawisu, ki ɗauki tsinke ɗaya ki ja layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji daga sama zuwa ƙasa, na kusa da shi ki lanƙwasa shi akasin haka, yadda za su riƙa haɗuwa suna rabuwa. Wannan zanen yana son haɗi tsararo sosai, kuma yana cin lokaci, kada ya zama na farkon da za ki gwada.

Mazurari shi ne mafi sauƙi, da shi nake fara koya wa yaran da ke zuwa wurina. Ki yanke kan robar ruwa, ki huda kwali ki soka bakin a ciki, ki ɗora kwalin a kan akwatin yadda bakin zai kalli tsakiya. Ki zuba launi ɗaya kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki canza launi, haka har ya cika. Kowane zubi yana tura na baya waje, zobba su yi ta fita.

Bayan zubi

Ki ɗan buga akwatin a ƙasa sau biyu iska ta fito, ki rufe da kwali, ki ajiye inda yaro ba zai kai hannu ba. A zafin Kumasi ba ya bukatar bargo, lulluɓi mai yawa yana sa tsakiyarsa ta tsage. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ki fitar ki yanka. In kin ga farin gari a samansa ya dusashe zanen, ba lalacewa ya yi ba, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma ko ki kankare siririn ɓawo. Ki jera su a inuwa da tazara, iska tana ratsawa, mako 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da su. Da hunturu suna bushewa da wuri, da damina kuwa har zufa suke yi, sai ki ƙara musu mako ɗaya ko biyu.

Kayan aikin kada ki wanke su nan take, abin da ke jikinsu ɗanyen sabulu ne mai ƙuna da maiƙo, yana toshe magudana. Ki share da tsumma da safarki a hannu, ki tara su a bokiti ki rufe. Jibi duk abin da ya maƙale ya zama sabulu, ruwa kawai za ki zuba ya wanke kansa. Hangar ki duba tiyonta kowane lokaci, in ya tsage a kusurwa ki canza shi kafin zubi na gaba.